Zane da Gini: Tarihin Mafarkin Kai-Komo a Ƙera Manhaja

Mai ginin gida yana da zane a takarda, kuma idan ya kammala gini, zanen da ginin kan yi kama da juna. Masu ƙera manhajar kwamfuta ba su samu wannan sauƙin ba. Sukan zana tsarin manhaja, su rubuta umarnin da zai aiwatar da shi, sannan bayan 'yan watanni na gyare-gyare, zanen ya daina faɗin gaskiya.

Ƙoƙarin magance wannan ya fara ƙarfi a shekarun 1980, lokacin da aka fito da kayan aikin da ake kira CASE, waɗanda suka yi alkawarin fitar da rubutun umarni kai tsaye daga zane. A 1989 kamfanin IBM ya ƙaddamar da shirin AD/Cycle don haɗa su wuri guda, amma bai yi nisa ba. Kowane gwani yana da salon zanensa, har Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗu a kamfanin Rational, suka dunƙule salonsu ya zama harshen zane na UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997.

Daga nan aka shiga zamanin kai-komo: a fitar da umarni daga zane, in aka gyara umarnin kuma, a mayar da gyaran cikin zanen. Rational Rose yana sanya alamomi a cikin rubutun don killace abin da mutum ya ƙara da hannunsa. In aka goge alama bisa kuskure, aikin na iya salwanta. Together na Peter Coad ya ɗauki rubutun umarnin a matsayin tushe, zanen kuma tamkar madubinsa.

Matsalar tana cikin yanayin abubuwan biyu. Amfanin zane shi ne ya bar ƙananan bayanai, shi kuwa rubutun umarni ba ya aiki sai da su. Haka kuma alaƙa iri biyu da UML ke bambantawa kan koma layi iri ɗaya a harshen Java, don haka a hanyar komowa bambancin ya ɓace.

A 2001 hanyoyi suka rabu: OMG ta shelanta tsarin MDA mai ɗora komai a kan zane, yayin da mutum 17 suka hallara a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu. IBM ya sayi Rational a 2003 kan kimanin dala biliyan 2.1, amma akasarin masu rubuta manhaja sun bi hanya ta biyu.

Abin da ya ɗore shi ne tafiya ta fuska ɗaya. A masana'antar motoci da jiragen sama, kayan aiki irin su Simulink da SCADE suna fitar da umarni daga zane har yau, bisa sharaɗin cewa duk gyara a zanen ake yin sa, ba a taɓa abin da na'ura ta rubuta.