Kurajen Fuska: Abin da Tarihin Magani Ya Koya Mana

Tun zamanin Rumawa ake maganin kurajen fuska da farar wuta, kuma mutane sun daɗe suna ɗora laifin a kan ƙazanta. Tarihi ya rushe wannan zato. Likitoci sun gano cewa maiƙo da matattun ƙwayoyin fata ne ke toshe ramukan gashi, shi ya sa magungunan da suka yi tasiri suka tunkari wannan toshewar: Amurka ta amince da tretinoin a 1971, da isotretinoin a 1982. Wani zai ce sabulun salo ya wadatar da kakanninmu. Tsabta na da kyau, amma ba ta rage maiƙon da fata ke fitarwa, kuma yawan dirza da matsa kurji na iya barin tabo. Mai kuraje masu zurfi ya nemi likitan fata da wuri.