Gidan Sarautar Daura: Shekara Ɗari a Waje, Sannan Aka Dawo Gida

Duk yaron da ya tashi a Sandamu ya san labarin macijiyar rijiyar Kusugu tun kafin ya iya ɗaure wandonsa. Mu ma a tabarmar kaka muka ji shi. Bayajidda ya iso Daura da dare da ƙishirwa, tsohuwa Ayana ta ce masa ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, Magajiya Daurama ta aure shi. Ɗansu Bawo ya haifi waɗanda suka kafa sarautun Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram aka sami Hausa Bakwai. Kafin nan mata ne ke mulki, tun daga Kufuru a Tsohon Birni, har Daurama ta dawo da fada inda take a yau.

Masana na ta muhawara kan ko tarihi ne ko almara. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne daga baya, kuma ba a cika ba yara shi ba.

Wajen 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci Daura. Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da iyalinsa da bayinsa da masu sarautarsa. Ba shi kaɗai wannan ta sama ba. Haɓen Katsina sun ƙare a Maraɗi, na Zazzau suka gangara kudu suka kafa Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Gobirawa suka zauna a Tsibiri. Dukansu sun riƙe sunan sarautar, amma babu wanda ya sake kwana a fadar kakanninsa.

Na Daura ba su yi nisa ba. Bayan yawo da faɗi-tashi, zuriyar ta rabu, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, suna ƙarƙashin inuwar Damagaram, suna hangen ganuwar garinsu a hannun Fulani. Ga Ɗantunku kuma ya yanki wani ɓangare na ƙasar ya haɗa ya yi Kazaure. A Zango aka ci gaba da naɗa Galadima da Ƙaura da Magajiya kamar ba abin da ya faru. Wani zai ce taurin kai ne, to amma shi ya hana gidan watsewa. Manoman da ke tsakanin waɗannan garuruwa kuwa, sun sha hari da haraji ta kowace fuska.

Da Turawan Ingila suka zo, tsakanin 1904 da 1906, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka maido shi Daura, aka haɗe ƙasar a hannunsa. A duk masarautun Haɓe da Fulani suka ci, nan ne kawai suka yi haka, ga shi kuwa a sauran wurare Fulani suka tabbatar.  Abdurrahman ɗan Musa ya hau gadon a 1911, kuma sai 1966 ya bar shi: shekara 55, ya ga Turawa, ya ga tafiyarsu. Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sannan Umar Faruk Umar.

Yau ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Ranar hawan Sallah ko Gani, tun da hantsi za ka ga dawakin Sandamu sun kama hanyar birni, an ɗaura musu jalala, ƙura na bin su. Na Zango da na Ɓaure ma suna nan tafe, su yi jahi a ƙofar fadar da kakanninsu suka yi ƙarni guda ba su shiga ba.