Itacen Girki da Sauyin Makamashi a Karkarar Kano

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙauyukan da ke arewa da ganuwa, irin su Ungogo da Minjibir da Gezawa, suna cikin masu ɗaukar nauyin murhun birni. Da rani manomi kan ɗora wa jakinsa itace ya shiga birni ya sayar, sa'an nan ya komo da mangalar taki ya zuba a gonarsa. Watau ciniki ɗaya ke dafa tuwon ɗan birni, shi ne kuma ke raya ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu.

Abin lura shi ne, wannan itace ba daga daji yake fitowa ba, domin dajin ya daɗe da zama gona. Daga itatuwan cikin gona ne, irin su ɗorawa da tsamiya da gawo, daga baya kuma darbejiya. Manomi kan sare reshe ya bar uwa, domin bishiya dukiya ce da ake gado kamar gonar kanta, kuma ita ce asusun da ake buɗewa idan damina ta yi gardama.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, masana da yawa na ƙasashen Turai sun yi hasashen cewa girki zai cinye itatuwan da ke kewaye da biranen yankin Sahel. Binciken da malaman Jami'ar Bayero suka yi, ciki har da Michael Mortimore da J. A. Falola, wanda aka buga a 1990, ya nuna akasin haka a karkarar Kano: itatuwan gona ba su ragu ba. Abin da ya canza shi ne cinikin. Manyan motoci sun karɓe shi daga hannun masu jakuna, suna kwaso itace daga dazuzzuka masu nisa, inda bishiya ba ta da mai tsaronta. Can ne aka yi ɓarnar.

Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da rangwamen gwamnati sun shigar da risho gidajen ma'aikata. Da aka janye rangwamen kananzir a 2016, gidaje da dama suka koma wa itace da gawayi.

To, a 2021 Nijeriya ta yi alkawari a Glasgow cewa za ta kawar da rarar hayaƙin da ke ɗumama duniya kafin ƙarshen 2060. Kamfanoni sun shigo da tukwanen gas da murhu mai tsimin itace. Alal misali, atmosfair ta ƙasar Jamus ta kafa masana'anta a Kano tana ƙera murhun Save80, kuma tana sassauta kuɗinsa da abin da matafiya jirgin sama ke biya diyyar hayaƙinsu. Dabara ce mai ma'ana; matar da ta yi shekaru tana hura wuta idonta na hawaye ita ta fi kowa sanin amfaninta.

Amma lissafin irin wannan ciniki da nauyin hayaƙin da aka rage ake yin sa. Babu gurbi a cikinsa na mai faskare, ko dillalin itace, ko manomin Minjibir da ke sare reshen darbejiyarsa a watan bazara don ya sayi hatsin da zai kai iyalinsa kaka.