Daga Ankara zuwa Zebilla: Tarihin Kokon Yara



Tun zamanin da fatake ke sauka Yendi a kan hanyarsu ta zuwa Salaga sayen goro, koko da ƙosai suka bi ayari suka zauna a zango-zango. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 mutanen garin suka watse, zanguna suka ƙaru a kudu. Yau har a Ankara sunan Hausa ake kira idan za a sayi koko. To, amma shin koko kaɗai ya isa ya raini yaro?

Tarihi ya ba da amsa. A 1929 wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, ta fara aiki a ƙasar nan. A asibitin yara na Ankara ta riƙa ganin yara masu kumburin ƙafa, gashi ya yi ja, fata tana saɓulewa. Yawancinsu an yaye su ne aka bar su da kunun masara zalla. Ta bayyana cutar a 1933, sannan a 1935 ta rubuta sunan da mutanen Ga ke kiranta da shi, kwashoko, wato ciwon yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga mama. Ciki ya cika, amma abin gina jiki babu. Sunan nan na Ga shi likitocin duniya ke amfani da shi har gobe.

Nan kusa da mu ma an kafa tarihi. A Navrongo, tsakanin 1989 da 1991, an gwada ba yara bitamin A, aka ga mace-macensu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ɗigon da ake matsa wa yaro a baki a wajen awo, yana da alaƙa da wancan aiki. A 1987 kuma Ma'aikatar Lafiya tare da UNICEF suka fito da garin Weanimix: masara awo 4, wake rabin awo, gyaɗa rabin awo, a soya, a niƙa, a dama. Duk cikinsu ba abin da babu a kasuwar Bawku ko ta Zebilla.

Ga inda gizo ke saƙa. Makiyayi ya tatsi shanu, nono ya tafi kasuwa. Ɗan kasuwa ya ɗaure buhun wake da gyaɗa ya ƙetare iyaka. Ƙwan zabi ma na sayarwa ne. Yaron gida kuwa ana ɗura masa farin koko tsararo. Kada mu zama inuwar giginya.

Shawarar ma'aikatan lafiya a yau ita ce: wata 6 na farko mama zalla, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a fara kunu mai kauri da garin wake ko gyaɗa, ƙwai, kifi da ganye irin su zogale da kuka, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Nonon shanu a tafasa shi tukuna. Gyaɗa mai baƙi-baƙi ko hunhuna a zubar. In ƙafa ta kumbura, a garzaya asibiti a ranar.

Maigida, kafin kaya su hau mota, a ware na yaro. Allah ya raya mana zuri'a, amin.