Ganuwar Kano da Yankin Noman Rani na Kura

Ganuwar Kano, wadda ake kira badala, katangar ƙasa ce da ta kewaye tsohon birnin Kano. Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Daga cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Mata, Na'isa, Ɗan Agundi da Kabuga. Yanzu yawancin ganuwar ta rushe. Ruwan sama ya ci wani ɓangare, amma ɗibar ƙasa da gine-gine a kanta sun fi yi mata ɓarna, har a wasu unguwanni sai ƙofar kawai ta rage.

Ziyara

Baƙi sukan fara da Gidan Makama, su zaga Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, sannan su hau Dutsen Dala, inda ake hango birnin baki ɗaya.

Yankin noma

Wanda ya fita ta titin Zariya zai ratsa Tamburawa a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu kafin ya isa Kura. Daga nan zuwa Bunkure da Garun Malam filayen noman rani ne, masu shan ruwa ta magudanai daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ana noma shinkafa, alkama, albasa da tumatir, kuma daga kasuwar Kwanar Gafan ake lodin tumatir zuwa kudancin Najeriya. Tun kafin zuwan ruwan Tiga, Kura ta yi suna da rini da bugu. Rawanin ɗan Kura har ƙasar Buzaye ake kai shi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa da ziyara.