Daga sawun raƙumi zuwa dogon Kano da Maraɗi

Mai karatu, in kana cikin masu sammakon shiga motar Maraɗi zuwa Jibiya, ko masu koro shanu zuwa Maigatari ranar Alhamis, to ka sani hanyar da kake bi ta girmi shingen da ake tsayar da kai a kansa. Turakun iyakar Nijar da Najeriya sai tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka kakkafa su. Kafin nan ƙafa ce da bayan dabba.

Kowace ƙasa da dabbarta. A arewa raƙumi ne sarki: Buzaye kan tashi daga Abzin da kaka, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su sauke gero su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro Damagaram da Kano. A kudu kuwa, inda ƙudan tsando ke kashe raƙumi, jaki da takarkari da 'yan alaro ne ke kai kanwa da tufafi Gwanja, su dawo da goro daga Salaga. Tafiya ce ta watanni. Ayari kuma ba taron kara-zube ba ne. Akwai madugu, akwai jagaba, ana biyan garama ga sarakunan hanya, ana biyan fito a bakin Kwara. Unguwannin Zango da ke Gana har yau, sunan masaukin waɗannan fatake suka gada.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kayan da kan share watanni a Sahara kafin su zo daga Tarabulus suka koma zuwa daga Ikko cikin 'yan kwanaki. Fataucin Larabawan Gadamus ya durƙushe, gyaɗa ta hau gadon mulki. Alhassan Ɗantata, wanda da goro ya fara, a gyaɗar ya shahara.

To amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Dogon nan bai taɓa tsallaka iyaka ba. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, ya ja birki. Na Faransa da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936. Wannan tazara da ke tsakanin ƙarshen dogo da gonakin Gobir da Damagaram, wa ya cike ta? Mai raƙumi da mai jaki. Su suka riƙa jigilar buhunan gyaɗa zuwa tasha, makiyayi kuma ya koro garke har Nguru ko Kano a zuba a tarago. Wato jirgi bai kashe sana'ar dabba ba a lokacin, haya ma ya samar mata. A ganina mota ce ta yi wannan aika-aika.

Daga shekarun 1950 manyan motoci suka yawaita, Faransa ta karkatar da gyaɗar Nijar zuwa Paraku ta Gaya, alhazan Maraɗi suka zuba jari a sufuri. Farin 1973 da 1974 ya ƙarasa sauran: wanda raƙumansa suka mutu, da wuya ya sake haɗa ayari. Madugu ya ba direba wuri, zango ya zama tasha, ɗan kamasho ya samu abin yi. Sa ya daina zuwa Ikko da ƙafarsa, sai a tirela. Ya isa da ƙibarsa kam, sai dai kowane shinge da abin da yake ci.

Duk da haka dabbar ba ta tafi ba. Ka tuna Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyaka har Disambar 2020, da rufewar 2023? Da aka toshe kwalta, babur da amalanke da jaki ne suka koma tsofaffin hanyoyin daji. (Jakin ma ya yi tsada saboda masu sayen fatarsa, har Nijar ta hana fitar da shi a 2016.)

Yanzu ga sabon dogo. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Wannan karon zai tsallaka, don haka tazarar da ta ciyar da kakanninmu ba za ta kasance ba. Ɗan dako da direban Jibiya, da kayan da za su wuce su a rufe cikin tarago za su yi gogayya. Kai kuma makiyayi, layin daga kudu zuwa arewa ya miƙe, duk burtalin da ya gitta shi sai an bar masa mashiga. In shugabannin ƙungiyarku za su zauna da hukuma, su tambayi wurin kowace mashiga da faɗinta, su kuma tambayi ko an tanadi taragun dabbobi da wurin lodinsu a Maraɗi da Jibiya.