Daga Kanwa zuwa Bekin Soda: Tarihin Wani Sinadarin Girki a Kasuwannin Yola da Jimeta

Farin garin da ake kira bekin soda, wanda masu gidajen burodi da masu yin cincin da kek ke saye a Jimeta, yana daga cikin kayayyakin da jama'a ke ɗauka baƙi ne da suka zo da zamani, alhali kuwa sinadarin da ke cikinsa ya daɗe yana shiga tukwanen mutanen Adamawa ta hanyar kanwa. Sunansa a wurin masana kimiyya sodiyam bayikabonet, wato wani nau'in gishiri mai kashe tsami, wanda idan ya gamu da abu mai tsami ko ya ji zafin wuta yakan saki iskar kabon dayoksaid, iskar da ke sa ƙulli ya tashi. Ita kuwa kanwa, mafi yawanta wani ma'adini ne da ake kira torona, wanda ya ƙunshi sodiyam bayikabonet ɗin tare da ɗan'uwansa mai ƙarfi, sodiyam kabonet, gauraye da gishiri da yashi da wasu ma'adinai gwargwadon wurin da aka haƙo ta. Saboda haka tarihin bekin soda a wannan yanki ci gaba ne na tarihin fataucin kanwa, kuma tambayar da ke gaban mai saye a yau, ta yadda zai gane mai kyau da yadda zai san iyakar amfani, ita ce tambayar da magabatansa suka fuskanta tun kafin zuwan Turawa.

Garin Yola ya kafu a shekarar 1841, lokacin da Modibbo Adama, wanda ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya mayar da mazauninsa can bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu. Daular da ya kafa, wadda ake kira Fombina, ma'ana kudu, ƙasa ce ta kiwo, kuma dukiyar manyanta ta dogara ƙwarai a kan shanu da dawaki, dabbobin da akan riƙa ba su kanwa su lasa ko a jiƙa musu a ruwan sha. A can tsaunukan kudu, kusa da Ngaundere, akwai maɓuɓɓugan ruwan kanwa da makiyaya ke kai garkensu su sha, amma a kwarin Binuwai abin ya yi ƙaranci, domin gishirin da ake dafawa a Bomanda ta ƙasar Muri da wanda talakawa ke tacewa daga tokar tsirrai ba su isa biyan bukatar mutane da dabbobi ba. Wannan giɓin ne ya buɗe wa fataken Hausa da Barebari hanya, suka riƙa koro jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa daga Barno, suna komawa da hauren giwa da bayi da sauran abin da ƙasar ke fitarwa a wancan zamani.

Tushen wannan kanwa yana arewa, a faƙon da ke kewaye da Tafkin Chadi da kuma ƙasashen Manga da Muniyo, waɗanda yanzu suke cikin Jamhuriyar Nijar. A gabashin tafkin ake haƙo kanwar da ta fi daraja, a sassaƙa ta falle-falle, sannan mutanen Buduma, mazauna tsibiran tafkin, su tsallako da ita a kan jiragensu na ciyawa zuwa gaɓar yamma, inda Baga ta zama babbar mashigarta. Hausawa sun sa mata suna ungurnu saboda garin Ngurno na Barno, wanda ya shahara da cinikinta. Daga Barno hanya ta miƙe kudu ta ƙasar Margi, ta bi ta Uba da Mubi, har ta iso bakin Binuwai, kuma ita ce hanyar da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ya shiga Yola a watan Yuni na 1851, a zamanin Lamiɗo Lawal. Barth ya lura cewa kuɗin ƙasar a lokacin ƙyallayen saƙi ne da ake kira leppi, abin da ke nuna cewa fataucin ya gudana ta musayar kaya fiye da ta wuri. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 a kan gishiri da kanwa a tsakiyar ƙasashen Sudan, ya nuna cewa wannan ciniki ya kai har Gwanja da ƙasar Yarbawa, inda fatake ke musayar kanwa da goro.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne cewa kasuwar dā tana da nata tsarin tantance inganci, ko da yake babu rubutacciyar doka ko hukumar bincike. An raba kanwa gida-gida bisa launi da tauri da asali: akwai ungurnu, wadda aka fi nema domin magani da miya; akwai jar kanwa da farar kanwa; akwai gwangwarasa; akwai kuma gari, wato rugujajjiyar kanwa mai yawan ƙasa, wadda ake sayar wa makiyaya da arha. Dillali yakan gane kowace da ido da harshe, fatoma, wato mai masaukin fatake, yakan tsaya wa baƙonsa da mai saye, kuma wanda ya haɗa ta dabbobi da ta girki yakan rasa amincin da sana'arsa ta dogara a kai. Mata ma suna da nasu matakin tsarkakewa, domin ba a cika jefa dunƙulen kanwa kai tsaye a abinci mai laushi ba. Jiƙa ta ake yi a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Da wannan ruwa ake sa wake ya nuna da wuri, a ƙara wa miyar kuɓewa da ta kuka yauƙi, a haɗa ƙullin ɗanwake, a kashe tsamin ƙullin waina, a dama kunun kanwa. Ana kuma sa ta a taba gari da jimar fata da maganin ciwon ciki, kuma yawan abubuwan da take shiga ne ya sa ake mata kirari da kanwa uwar gami.

A daidai lokacin da ayarin Barno ke sauka a Yola, masana'antun Turai da Amurka suna neman hanyar samar da sinadarin a tace. Bafaranshe Nicolas Leblanc ya samo hanyar yin soda daga gishiri a 1791, a 1846 John Dwight da Austin Church suka fara sayar da bekin soda a Amurka, sannan a farkon shekarun 1860 Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya fito da hanya mafi arha, wadda har yau ake bi. Amurka kuwa daga baya ta koma ga haƙo torona a jihar Wayomin tana tacewa, ma'ana wani kaso mai yawa na bekin sodan duniya daga irin ma'adinin kanwa yake fitowa. Ƙofar shigowar kayan masana'anta Adamawa ita ce kogin Binuwai. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, ya yi ciniki a bakin kogi kusa da Yola, kuma bayan sojojin Ingila sun ci garin a Satumba 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin kantuna da ma'aikata da baƙi. Jiragen na isowa ne a 'yan watannin da kogi ke cika, suna sauke gishirin Turai da yadi da kayan gwangwani. Gishirin Turai ya karya kasuwar gishirin gida, amma bai iya maye gurbin kanwa ba, domin aikinsu a tukunya da a garke ba ɗaya ba ne.

Bekin soda ya sami gindin zama ne tare da fulawa. Yaɗuwar burodi bayan kafa manyan injinan niƙan alkama a Legas a farkon shekarun 1960, da zaman Yola hedikwatar Jihar Gongola a 1976 sannan ta Adamawa a 1991, sun tara ma'aikata da ɗalibai a Jimeta, suka haifar da kasuwar kek da cincin da fanke. A gefe guda kuma hanyar kanwa ta sha wahala, saboda janyewar Tafkin Chadi tun daga farin shekarun 1970, da rikicin Boko Haram wanda ya kai ga kama Mubi a 2014 da harin Baga a farkon 2015. Duk da haka kanwa ba ta bar kasuwa ba, sai dai yanzu tana zaune kusa da fararen garuruwa da dama waɗanda ido ba ya iya rarrabewa, kuma a nan ne sabuwar matsalar ta taso.

Bekin soda na abinci shi ne wanda aka tace har tsarkinsa ya kai kashi 99 cikin ɗari, aka kuma tabbatar cewa gubar ƙarafa irin su dalma ba ta wuce ƙa'ida ba. Lambarsa a jerin sinadaran abinci na duniya 500. Akwai wanda ake yi domin abincin dabbobi da na masana'antu, waɗanda ba a bi da su ta wannan tantancewa ba. Akwai bekin fauda, wadda ita bekin soda ce da aka riga aka haɗa da sinadari mai tsami da sitaci, shi ya sa take tashi da kanta. Akwai sodar wanki, wato sodiyam kabonet, sannan akwai mafi haɗari, sodar haɗa sabulu, wadda ke ƙona baki da maƙogwaro idan aka haɗiye ta. Da zarar an juye waɗannan daga buhunansu an ƙulla a leda babu suna, hikimar dillalin dā ba ta da sauran amfani, domin launi da ɗanɗano ba sa nuna tsarki. Ɗiga ruwan lemun tsami a ga ya yi kumfa yana nuna cewa garin bai mutu ba, amma ba ya nuna cewa na ci ne. Abin da ya maye gurbin amincin fatoma shi ne rubutun da ke jikin kaya: sunan kamfani, ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna.

Tsarki kaɗai kuma bai wadatar ba, domin kanwa da bekin soda duka suna ɗauke da sodiyam, sinadarin da yawansa ke tayar da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 2 na sodiyam a rana, alhali ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda ya haura rabin wannan adadi. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta yana da alaƙa da ciwon zuciya da ke kama masu jego. Haka nan yawan kanwa a girki yana lalata wasu bitamin, musamman B1 da C, kuma shan bekin soda domin ƙwannafi yana da haɗari ga masu ciwon ƙoda ko zuciya, da masu juna biyu, da ƙananan yara, yana kuma iya hana wasu magunguna aiki. Jiƙa wake tun da dare yana rage bukatar kanwa, ɗan kaɗan kuma ya isa yauƙin miya.

Tarihin wannan ciniki ya nuna cewa mutanen Yola da Jimeta ba su taɓa ɗaukar kowace kanwa daidai da 'yar'uwarta ba, sun ware ta dabba daban, ta tukunya daban, sun kuma tace kafin su ci. Wannan ɗabi'a ce ta kamata a riƙe a zamanin farin gari. Wajibi ne 'yan kasuwa su daina sayar da shi a ledar da ba ta da suna, su kuma nisanta sodar sabulu daga kayan abinci. Wajibi ne hukumomi su kai bincikensu har teburin masu ƙulla shi a leda. Ya kuma dace masana a Jami'ar Modibbo Adama su auna kanwar da ke kasuwannin jihar, su bayyana wa jama'a abin da ta ƙunsa da harshen da suke ji. Uwargida da mai gidan burodi kuwa, nauyin da ke kansu shi ne su sayi abin da suka san asalinsa, su kuma auna kafin su zuba.